Sassaben Kufai

Da aka ja igiya aka raba gonar mahaifinmu, ni kufai ya faɗo wa. Ƙannena suka samu fili shimfiɗaɗɗe, ni kuwa na samu wurin da tsohon gidanmu ya taɓa zama, a tsakiyar gonar, can bayan Utai. Suka yi ta yi mini barka suna ƙunshe dariya, wai na gaji daji. Gaskiyarsu ce. Tun ina goye aka tashi daga gidan aka koma cikin gari kusa da hanya, kuma duk tsawon ran mahaifina kewayen kufan yake nomawa, bai taɓa sa fartanya a cikinsa ba. Da ya rasu sai itatuwa suka ga babu mai tsawata musu. Jemagu da tsuntsaye suka yi ta zubar da 'ya'yan darbejiya, sabara da kalgo suka cike tsakani, sarƙaƙiya ta bi ta ɗinke su, har ya zama idan akuya ta shiga sai dai a ji kukanta.

Ni malamin makaranta ne a Wudil, tafin hannuna ya fi sabawa da alli. Amma ko ni na san babu ƙasa irin ta kufai, wadda ta sha toka da shara da kashin awaki shekara da shekaru. Na ƙudura zan sassabe shi a bazarar nan, in sa tarakta ta bi ta kai. Mai taraktar sau ɗaya yake zagayowa yankinmu, da zarar an yi ruwan shuka, kuma ba ya jiran kowa.

Na je Indabo in gaishe da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, na ba ta labari ina ta cika baki. Tana tankaɗe a lokacin. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Ɗan nan, akwai yayarka a wurin nan fa."

Na san an haifi mace kafin ni, na san ba ta rayu ba. Iyakar sanina ke nan, kuma ban taɓa tambayar kaina inda take ba.

"Wata biyar ta yi a duniya," in ji Gwaggo. "A gidajen gona irin namu, a da, ba a ɗaukar jariri a kai shi maƙabarta. A bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Shi ya sa ubanka bai taɓa nome wurin ba, ku kuna can kuna cewa tsoron maciji yake."

"To, Gwaggo, a ina daidai?"

"Ina ni ina sani? An riga an kawo ni nan gidan miji. Ɗakunan kuma na kara ne, yau a kafa nan, baɗi a matsar. Mutum ɗaya ya rage da ya sani, uwarka. Yarinyar kuwa 'yar farinta ce, ka san ba za ta faɗa ba."

A kan babur, a hanyar komawa, na yi ta juya abin. In na bar kufan gaba ɗaya kamar yadda mahaifina ya yi, ba ni da gona, domin rabona kusan duk shi ne. In na nome shi gaba ɗaya, ƙarfe zai bi ta kan 'yar uwata. Wurin da nake nema bai fi faɗin tabarmar salla ba, kuma yana wani gu a ƙarƙashin wannan duhun.

Matan zamanin Inna ba sa kama sunan ɗan fari. Ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa nuna sun san da zamansa, in ya mutu ma ba a ganin hawayensu. Na san wannan sarai. Amma boko ya sa na ɗauka duk tambayar da aka yi ta da ladabi tana da amsa. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, matata da wata maƙwabciya suna taya ta. Na durƙusa na gaishe ta, na gyara murya.

"Inna, don Allah, a ina aka binne yayata a kufai?"

Hannun maƙwabciyar ya tsaya. Matata ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Inna ba ta fasa ɓara ba, sai da ta gama wadda ke hannunta.

"Kai, kore mini kajin nan, za su shiga gyaɗa."

Babu kaza ko ɗaya a tsakar gidan. Na tashi duk da haka, na yi "has, has" ga iska, na fice. Kwana uku tana amsa gaisuwata a gajarce. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushi, kuma har yau ban raba wanne ya fi yawa ba.

Na kai ƙara wurin Baba, aminin mahaifina, wanda gonarsa ke iyaka da tamu. Tsoho ne siriri mai adda a rataye ko da masallaci za shi. Ya saurare ni yana feƙe ƙotar gatari, ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Malam, a gaban mata ka tambaye ta? Lallai ana karatu a Wudil."

"Baba, ai kai ka san gidan."

"Na san zaure. Shekara nawa ina zuwa gidan nan, iyakata zaure. Wa zai bar ni in leƙa ɗakin matar abokina? Ranar da abin ya faru kuma ina ci-rani." Ya gwada ƙotar a tafinsa. "Kira gayya. A fara buɗe wurin tukuna. Amma sharaɗi biyu: ba diga, ba wuta a cikin kufan. A sare a gindi, a ja waje."

Mutum tara suka amsa gayyar. Muka fara da sassafe daga gefen gabas, inda Baba ya ce nan ƙofar gida take. Ranar farko ba mu ga komai ba sai ƙaya. Sarƙaƙiya ta yage mini riga, ta yage mini hannu, ta ɗauke hulata ta rataye ta inda sai da aka sa gora aka zaƙulo. Kafin azahar tafina ya yi bororo uku, 'yan gayya suka naɗa ni sarkin jan reshe, tunda sara ya gagare ni. Ina ja, suna sara, gatura suna amsa wa juna, darbejiya tana faɗuwa a hankali da wani nishi, ɗacin ganyenta ya cika mana maƙogwaro.

Wani Bafulatani da ya saba ƙyale shanunsa su yi ƙailula a gefen duhun ya zo ya tsaya, sanda a kafaɗa, yana kallonmu. Ya ce mun ɗauke masa inuwa, Allah ya isa tsakaninsa da malaman makaranta. Daga nan ya kora shanun kan rassan kalgo da muka jibge, suka hau ci, shi kuma ya karɓi adda ya taya mu har la'asar.

Cikin duhun akwai sanyi irin wanda ban zata ba. A waje rana tana dafa ƙwaƙwalwa, a ciki kuwa haske yana saukowa ɗigo-ɗigo ta tsakanin ganye, ƙasa tana da laushi, tana ƙamshin tsohon rumbu. Fakara ta tashi daga gabana da fuka-fuki kamar za ta tafi da zuciyata. Akwai lokacin da na tsaya ni kaɗai, reshe a hannu, na daina jin gatura, na ji kamar ana daka a wani wuri kusa. Kurciya ce kawai. Amma na daɗe a tsaye kafin in yarda.

A rana ta biyu gidan ya fara fitowa. Baba ne ke karanta mana shi. Ya nuna wata cediya da darbejiya ta shaƙe, ya ce a nan ake ɗaure jaki, kada a taɓa ta. Ya taka wani tudu ya ce zaure ne, a nan ya sha fura ba adadi. Daga nan iliminsa ya ƙare, sai ƙasa ta ci gaba da magana da kanta. Muka tarar da duwatsu a jere a da'ira, gindin rumbu. Muka tarar da zogale ya yi tsawo ya rame yana neman rana, da lalle ya zama kurmi. Wani ya ɗaga reshe ya ce, "Ga dutsen niƙa!" Yana nan a kwance, tsakiyarsa ya lotsa, ɗansa a gefe, kamar wadda ke niƙan ta tashi ne ta duba tukunya. Muka sami murhu, duwatsu uku baƙaƙe, kunama ta tare a ƙarƙashin ɗaya. Muka sami bakin tulu, da rabin fitilar ƙwai, da wani ƙaramin abin hannu na roba da ban san na wa ba ne. Na sa shi a aljihu, daga baya na mayar inda na ɗauka.

Ban san gidan nan ba. Ban da labari, babu abin da na riƙe daga gare shi. Amma da yamma, da 'yan gayya suka watse, na zauna a kan dutsen niƙan sai na ga danga ta miƙe, na ga hayaƙi yana fita ta jinka, na ga wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai tana shara da goyo a bayanta. Na daɗe ina kallonta kafin na gane Inna ce, kuma goyon ba ni ba ne. Kishi ya ɗan taɓa ni, ni da furfura a gemu.

Matsalar ita ce alamun ɗaki har biyar muka ƙirga, tudu-tudu marasa tsayi, wasu a kan wasu. Kowane ɗaki kuma yana da baya. A rana ta uku hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, sannan ya watse bai zubar ba. Aka ce an yi ruwa a Kausani, an ce an ga taraktar a can. Na ce wa Baba ko in sake tambayarta, a keɓe wannan karon.

"Ka tambaye ta sau ɗari, sau ɗari za ka kori kaji," in ji shi. "Bari a gama share wurin."

A rana ta huɗu aka gama. Kufan ya fito fili tas, sai cediya da zogale da lallen da muka bari, sai kututture a ko'ina. Muka tara rassan da suka bushe da tsohuwar ƙaya a waje, ta yamma, muka cinna musu wuta. Da wutar ta mutu Baba ya sa aka kwaso tokar a kwanduna aka watsa a kufan, wai taki ne. Sannan ya sa aka bi da manjagara daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana ja da baya, har ya zama babu sawun kowa a ciki. Wurin ya yi fari fat, ya yi lumui.

"Yanzu hau babur ɗinka," ya ce. "Ka ce wa uwarka zogalen tsohon gida ya yi ganye, za a sare shi gobe, ta zo ta tsinka. Ka ce akwai dutsen niƙanta, ta zo ta gani ko tana so. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kai."

Na faɗa mata haka, ban ƙara ba. Ta ce wa zai ci zogalen daji. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da ƙwarya.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka iso. Na sauke ta a bakin gona. Baba ya gaishe ta daga nesa, suka yi gaisuwar tsofaffi mai tsawo, ya gida, ya jikoki, ya ƙafa, ya zafin nan, sannan ya ja mu duka zuwa gindin wata tsamiya a gonarsa, wai a yi la'asar. Muka yi. Bayan sallama ya hana kowa tashi, ya ɗauko labarin wani jaki da mahaifina ya taɓa saye. Ni ban ji ko kalma ba, idona yana kan kufai.

Filin a buɗe yake ta kowane gefe, amma Inna ba ta shiga ta inda na sauke ta ba. Ta zagaya har gabas, ta shiga ta zaure. A inda babu ƙofa ta ɗan sunkuyar da kai. Ta karya hagu, yadda mutum ke yi don kada na waje ya hango cikin gida. Ta kewaye rumbun da babu shi. Tafiyarta ma ta sake, ƙafar da take ja ta daina ja, tana ɗaga ƙura fara a bayanta, hasken yamma yana bi ta cikin ƙurar. Ta tsaya a murhu, ta tura dutse ɗaya da ƙafa ya koma daidai da 'yan uwansa. Ta durƙusa a gaban dutsen niƙa, ta ɗora hannu biyu a kan ɗansa, ta tura sau ɗaya, ta janyo. Na ji ƙarar har inda nake, ko kuma na ɗauka na ji.

Ta daɗe a ciki. Ta tsinki zogale, ta tsinki lalle, ta tsinci 'yan ƙiraren da manjagara ta bari. Ta je wannan lungu ta koma wancan, kamar mai neman abin da za ta yi don kada a ce ta gama. Ba ta tsaya ta ƙura wa wani wuri ido ba, ba ta ɗaga hannu ta yi addu'a ba. Na sa ido in ga ko sau ɗaya za ta yi, ba ta yi ba. Da ƙwaryar ta cika ta fita ta zaure, ta ce in mai da ita gida kafin magariba.

Da na dawo 'yan gayya sun tafi, Baba kaɗai ke zaune a bakin kufan. Na ce masa aikin banza muka yi, ba ta nuna komai ba.

"Malam, ai ba karatun allo kaɗai ake yi ba. Zo ka duba ƙasa."

Sawun silifanta ƙanana ne, na dama ya fi nutsewa a dunduniya. Suna ko'ina a kan tokar. Sun bi ta kan tudun ɗakuna, sun shiga bayansu, sun je gindin danga, sun gitta juna sau da yawa. Muka bi su a hankali ta gefe. A bayan tudu na uku, kudu da lallen, akwai wuri guda da tokar take kwance yadda manjagara ta bar ta. Sawun ya zo daga murhu ya nufo shi kai tsaye, saura taku biyu ya karkace, ya zagaye, ya ci gaba. Ya dawo daga zogale, ya sake karkacewa. Sau huɗu ta wuce ta nan, sau huɗu ta kauce. Har wani ƙirare mai kyau yana kwance a tsakiyar wurin, ita da ba ta bar ko tsinke a sauran filin ba, ta bar shi.

Baba ya cire hularsa ya mayar. Muka yi addu'a a tsaye. Ban san sunanta ba, sai na ce "yayata", kuma wannan ne karo na farko da na kira wani da wannan kalma a rayuwata. Na yi kuka, Baba ya yi kamar yana duba hadari.

Da sassafe na saro aguwa daga shingen burtali, rassa huɗu masu kauri, irin waɗanda in an kafa su suke kamawa. Na kafa su a kusurwa huɗu na wurin, na ƙara taku ɗaya ta kowane gefe don mai tarakta ya gani. Ina cikin danne ƙasar gindin na ƙarshe na ji sallamar Inna. Ta biyo motar kasuwa ta sauka a hanya, ta tako da ƙafa, wai ta manta ɗan dutsen niƙa, kuma ba ta yarda da ni in kawo mata ba.

Ta shiga ta zaure. Ta ɗauki abin da ta zo ɗauka ta ƙulle a bakin mayafi. Da za ta fita ta biyo ta kusa da ni, ta dubi sama, ta dubi cediya, ta dubi hannuna da ya kumbura.

"Wannan wane irin noma ne, a bar tsibiri a tsakiyar gona? Haka ake koya muku?"

"Mai tarakta ne ya ce a bar masa alama, Inna."

"Uhm."

Ta wuce ni da taku biyu, sai ta tsaya ta sunkuya, kamar ƙaya ta soke ta a ƙafa. Fuskarta tana kallon wani gefe. Hannunta ya laluba ya kama aguwar da ke kudu maso gabas, ta zare ta, ta matsar da ita waje kamar kamu ɗaya, ta soka, ta danne ƙasar da dunduniya sau uku.

"Kan yana nan," ta ce a hankali, ba da ni take ba.

Ta miƙe ta karkaɗe hannunta, ta ce in zo in kai ta gida, ta bar wake a wuta.